Jan Farce a Murfin Sha Biyu

Litinin, 3 ga Yuli, 4:10 na yamma

Sha biyu ta tsaya yau.

Wannan ba littafin ɗakin bincike ba ne. Wancan, Ajan Suwimon, malamar da ke duba digirina, tana sa masa hannu duk Juma'a, kuma idonta ba ya tsallake ko ɗigo. Wannan a shagon ƙasan bene na saye shi, don abin da ba zai shiga can ba.

Shekara huɗu na yi a makarantar likitanci, na dakata, na shigo nan shekara uku ke nan ina neman digirin dakta a ƙere-ƙeren da suka shafi jikin mutum. In na gama sai in koma in ƙarasa biyun da suka rage. Yayana Khamphan yana ce mini rabin likita rabin makanike. Aikin shi ne mu ɗauki jinin mutum, mu yi ta lallaɓa ƙwayoyinsa wata da watanni har su koma tsokar zuciya, in shimfiɗa su a wani ɗan faranti da na ƙera, bai fi farcen babban yatsa ba. Can sai ka ga sun fara bugawa. Ina da jinin maza goma sha ɗaya daga gidajen da lai tai ta shiga, ciwon nan na yankinmu da ƙato zai kwanta lafiya lau, gari ya waye bai tashi ba. Sha biyu ta lafiyayyen mutum ce, da ita nake auna sauran. Babi uku na kundina a kanta suka tsaya.

Yau ne karo na farko da na ɗaga zafin akwatin ɗumi zuwa talatin da tara, kamar mai zazzaɓi. Biyar daga cikin sha ɗayan suka rikice, daidai yadda na zata. Sha biyu kuwa ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya cak. Na sauke zafin da sauri. Sai da na ƙirga daƙiƙa arba'in kafin ta dawo.

Wataƙila farantin ne ya yi tsami.

Talata, 4 ga Yuli, 1:30 na rana

Sabon faranti. Ta sake tsayawa.

Laraba, 5 ga Yuli, 7:15 na safe

Bari in rubuta sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Shekara biyu da suka wuce, jinin ainihin mai lamba sha biyu ya daskare a motar da ta kawo shi daga lardinmu, Roi Et. Saura kwana tara in gabatar da shirin aikina, kuma neman sabon izini wata uku ne. Ranar sai ga Yaya ya zo nan Bangkok kai kaya, ya biyo ta wurina da shinkafa mai danƙo da kifin da Inna ta aiko. Ɗalibin injiniya zalla da ya zauna ya yi kuka. Ni kuwa na iya nemo jijiya, hannuna ko rawa ba ya yi, har yabona ake a asibiti. Na ce ya naɗe hannun riga. Ya yi dariya ya ce in dai zan bar masa na komawa gida. Ba takarda, ba sa hannu, ba izinin kwamiti. Na ɓare lambar daga tsohuwar kwalba na liƙa a sabuwa.

Babu lai tai a gidanmu. Babanmu daga saman gini ya faɗo a ƙasar waje ina shekara shida. Namiji lafiyayye ɗan yankinmu ake nema, shi kuwa Yaya buhu biyu yake saɓawa a kafaɗa.

Sha biyu tana bugawa. Na duba kafin in zauna.

Juma'a, 7 ga Yuli, 5:00 na yamma

Inna ta kira. Maza biyu a ƙauyenmu cikin wata guda, na biyun abokin wasan Yaya ne. Yanzu ko'ina fatalwar bazawara ake magana, wai ta fito neman miji. Kowane gida an rataya jar riga a bakin ƙofa, an rubuta a kwali wai babu namiji a gidan nan. Inna ta ba Yaya zanenta yana kwana da shi, ta kuma shafa masa jan farce yatsa goma, don in matar ta leƙo ta ɗauka mace ce ta wuce.

Da can in aka yi irin wannan nakan yi wa Inna lacca har ta gaji ta ajiye waya. Yau sauraronta kawai na yi, har ta tambaya ko lafiya.

Na karɓi Yaya na ce ya je asibitin gunduma a yi masa gwajin bugun zuciya. Ya ce ana tsakar dashen shinkafa zai bar gona don rabin likita ta yi mafarki? Na ce in bai je ba zan tura wa abokansa hotonsa da zane. Ya ce ai su ma da nasu zanen.

Ajan ta sa hannu a littafi. Ban rubuta gwajin Litinin da Talata ba. Ban taɓa barin shafi fanko ba sai wannan makon.

Litinin, 10 ga Yuli, 12:40 na rana

Ya je. Ya turo hoton takardar, kuma babu abin da ke cikinta. Na san haka za a yi. Wannan ciwo ɓuya yake, sai zazzaɓi ko wata allura ta musamman ke fito da shi.

Na tare Dakta Prayun, likitan zuciyar da ya koyar da mu a aji huɗu, a layin sayen taliya. Na ce misali mutum takardarsa lafiya, bai taɓa suma ba, babu tarihi a gidansu, za a yi masa gwajin allurar? Ya ce allurar ba ruwan sha ba ce, takan tsayar da zuciyar da ake son ceta, sai da dalili a rubuce. Sai ya dube ni ta saman gilashi ya ce, “Misalin nan naki yana da suna?” Na ce a'a, na biya kuɗin taliya na manta ban ɗauka ba.

Talata, 11 ga Yuli, 3:20 na yamma

Na sake gwadawa da ƙarfe sha biyu da kwata, don in tabbata. Daƙiƙa hamsin da biyar.

Ƙarfe biyu Yaya ya kira, shi da ba ya kira da rana. Wai ya kishingiɗa a rumfar gona bayan cin abinci, barci ya ɗauke shi, ya ga wata mata tsaye cikin ruwan shinkafa, ruwan bai jiƙa zanenta ba. Ta tambaye shi sunansa. Ya buɗe baki, ƙirjinsa ya ƙi ba shi iska. Yana ba ni labarin yana dariya, ya ce kada in gaya wa Inna ta ƙara masa da jan baki.

Na tambaye shi ƙarfe nawa. Ya ce shi ba ya ɗaura agogo a cikin taɓo, amma ƙararrawar cin abincin haikali ba ta daɗe da bugawa ba.

Ƙararrawar nan da ƙarfe sha ɗaya take bugawa. Sha ɗaya ba sha biyu da kwata ba ne. Akwai fiye da awa a tsakani. Na rubuta wannan don in karanta in na bukata.

Laraba, 12 ga Yuli, 8:00 na safe

Ban taɓa ma'aunin zafin ba. Sha biyu tana bugawa.

Alhamis, 13 ga Yuli, 6:05 na yamma

Akwatin ɗumi yana ajiye tarihin kansa, na manta da wannan. Ajan ta gani ta ce in nuna mata, kuma ta tsaya a bayana har na ɗaga zafin. Ina kallon allon ina jin bugun a wuyana. Da ta tsaya na kai hannu zan sauke, Ajan ta riƙe ni ta ce in bari mu ga iyakarta. Daƙiƙa saba'in. Na fita da gudu na kira Yaya, waya ta yi ta ƙara har ta katse. Sai a karo na huɗu ya ɗauka, wai yana wanka.

Da na dawo na tarar da Ajan zaune a gaban allon. Ba ta yi maganar fankon shafi ba. Ta ce wannan ba matsalar faranti ba ce, akwai wani mutum a Roi Et da yake yawo bai san abin da ke ƙirjinsa ba. Za ta rubuta wa kwamitin da ke riƙe da sunaye su buɗe lamba sha biyu, a nemo shi, a kai shi wurin Dakta Prayun. Ta dafa kafaɗata ta ce, “Lamduan, wataƙila kin ceci ran wani yau.”

Na haɗa tafin hannu na ɗaga na gode mata. Kunya ta hana ni cin abinci.

Asabar, 15 ga Yuli, 10:30 na safe

Ba kowa a ɗakin sai ni da ƙarar firji.

Akwai jan farce marar launi a kowane tebur a nan, da shi muke liƙe gilashin madubin bincike don kada ya bushe. Jiya a kasuwar bakin titi na sayi ja, irin na Inna. Na ce ai duk aikinsu ɗaya. Yau na ɗauko farantin sha biyu na yi wa murfinsa ɗigo goma a jere.

Ni ce na zo ta biyu a ajinmu a ilimin aikin zuciya.

Lahadi, 16 ga Yuli, 2:00 na rana

Ina ta tunanin mutumin. Ainihin sha biyu. Ban san sunansa ba, na dai san shekararsa talatin da huɗu a lokacin. Za a kira shi a ce ya zo Bangkok. Matarsa za ta yi kuka a mota. Za a ɗura masa allurar da takan tsayar da zuciya, a kan jinin da ba nasa ba. Shi kuma mai jinin yana can da zane da jan farce, da takardar asibiti mai cewa lafiyarsa ƙalau.

In na yi magana, babi uku sun tafi. Satar jini da sauya lamba ba laifin da ake yafewa ba ne, kuma takardar za ta bi ni har makarantar likitanci. Shekara bakwai. Inna ta riga ta gaya wa kowa a ƙauye cewa dakta biyu za a kira ni.

Ina son abin nan. Ba zan yi ƙarya a littafin da na saya don gaskiya ba. Ina son shi har ina lissafin ko wasiƙar Ajan za ta iya ɓata a hanya.

Talata, 18 ga Yuli, 9:10 na safe

Inna ta kira da sassafe. Jikin Yaya da zafi tun jiya, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, irin zazzaɓin sauron damina. Na tambayi ma'aunin zafin jiki, babu shi a gidan. Na ce ta ba shi maganin sauke zazzaɓi yanzu, ta jiƙa tsumma ta yi ta goga masa, a nemi mota. Ban san da wace murya na faɗa ba, sai na ji ta ja ƙofa ta fita tsakar gida.

“Ke yarinya, me kika sani?”

Na ce ban san komai ba, zazzaɓi dai ba shi da kyau.

“Babanku ma da zazzaɓi ya kwanta,” ta ce. “Abokan aikinsa ne suka gaya mini. Babu wani gini da ya faɗo daga kai.”

Na zauna a ƙasan bandaki. Na ce don me, Inna? Ta ce Khamphan yana shekara goma sha ɗaya a lokacin, kamarsu ɗaya da uban har tafiya. Ta yaya za ta gaya wa yaro abin da zai sa ya ji tsoron tabarmarsa? Ta ce shekara ashirin da biyu tana tashi ta je ta sa yatsa a hancinsa. Ko da ya yi aure, ko da matar ta tafi, ba ta fasa ba.

Talata, 18 ga Yuli, 11:45 na safe

Na je ofishin Ajan. Ban zauna ba.

Ta saurara har ƙarshe. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Ta fara kiran kwamiti ta ce a dakatar da neman mai lamba sha biyu, an yi kuskure. Sannan ta kira Dakta Prayun a gabana ta ce akwai dalili a rubuce, za ta aiko masa da shi cikin awa ɗaya. Sai da ta ajiye waya ta dube ni.

“Shekara biyu ina sa hannu a ƙarƙashin lambar nan,” ta ce. “Ki ajiye katin shiga a kan tebur.”

Laraba, 19 ga Yuli, 4:00 na yamma

An kwantar da Yaya a asibitin lardi, an sa masa wayoyi. Da zazzaɓin ya kai talatin da tara, takardar ta nuna abin da kanta, ba a ma bukaci allura ba. Likitan can ya turo wa Dakta Prayun, shi ya turo mini ba tare da ya rubuta ko kalma ba.

Ba ni da katin shiga. Ban san ko tana bugawa ba.

Juma'a, 21 ga Yuli, 1:15 na rana

Zazzaɓi ya sauka. Za a kawo shi Bangkok Litinin. Ranar Alhamis za a sa masa 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji, wadda in zuciya ta rikice take girgiza ta ta dawo.

Na gaya masa komai a waya. Ya ce wato shekara biyu zuciyarsa na zaune a Bangkok cikin sanyin na'ura shi yana can rana na gasa shi. Ya ce a kawo takardar ya sa hannu yanzu, ai jininsa ne, shi ya bayar. Na ce sa hannun yau ba ya komawa baya. Ya ce mutanen birni dai.

Bai tambayi zancen Baba ba. Ina jin Inna ta riga ni.

Litinin, 24 ga Yuli, 5:30 na yamma

Kwamiti ya aiko da umarni na farko. Duk abin da ya fito daga wannan jinin a hallaka shi, na faranti da na cikin ƙanƙara, ranar Laraba ƙarfe goma, da hannuna, a gaban Ajan.

Laraba. Na'urar sai Alhamis.

Na roƙi Ajan a waya ta ɗaga zuwa Juma'a. Ta ce a ba ta dalilin da za ta rubuta wa kwamiti. Me zan ce, wata mata a cikin ruwan shinkafa?

Talata, 25 ga Yuli, 7:00 na safe

Naman faranti ba mutum ba ne. Babu waya tsakaninsu. Naman faranti ba mutum ba ne.

Laraba, 26 ga Yuli, 12:20 na rana

Ajan da kanta ta buɗe mini ƙofa. Na fara da kwalaben ƙanƙara goma sha tara, waɗannan ba su da wuya, ba sa motsi. Sai na ciro farantin ƙarshe na ɗora a madubi. Tana bugawa a allo, hankalinta kwance, kamar ba ta san komai ba.

Ajan ta ga murfin. Ta ɗauke shi ta ƙirga ɗigon da ido, ta ajiye. 'Yar Bangkok ce gaba da baya, ban zaci ta san ma'anarsa ba.

“Kira shi,” ta ce. “Zan jira.”

Ya ɗauka a bugu ɗaya, yana kwance a hawa na bakwai na asibitin da ke tsallaken titi. Na ce ya ba ni labari, kowane iri, kada ya tsaya.

“Labarin me? Abincinsu ba barkono. Af, kin san ma'aikaciyar jinya ta goge mini farce yau da safe? Wai abin da suke maƙala wa yatsa ba ya karanta jini ta cikin fenti. Duka goman ta goge, tas.”

Kwalbar bilic, ruwan da zai kashe ƙwayoyin, na hannuna. Na ce ka ci gaba, Yaya.

Ya shiga zancen wanda ya bar wa dashe, wai layinsa a karkace kamar tafiyar maye. Na zuba. A allo ta yi sauri sau uku ko huɗu, gefenta ya yi fari, farin ya ci zuwa tsakiya. Ta tsaya.

Wayar ma ta yi tsit.

Na ƙirga. Ɗaya, biyu. Ajan ta miƙe tsaye. Biyar, shida. Ba na jin ko numfashi, sai wata ƙara can nesa kamar ruwa na gudu. A takwas na ce Yaya.

“Kina ji na kuwa?” ya ce. “Inna ce ta ɗaga bargo, na rufe wayar kada ta ji dariyata. Tana shafa mini jan farce a yatsun ƙafa.”

Na yi kuka a gaban Ajan kamar ƙaramar yarinya. Ta bar ni na gama, ta miƙo mini takarda na sa hannu cewa an hallaka. Murfin kuwa ta tura mini shi da yatsa ta ce ba ya cikin lissafi.

Alhamis, 27 ga Yuli, 5:40 na yamma

An sa na'urar. Awa ɗaya da rabi. Dakta Prayun ya ce ni ma sai an duba ni, na ce to.

Kwamiti zai zauna a kaina wata mai zuwa. Ajan ta ce kundin ya mutu, zancen makarantar likitanci kuma ba ta san yadda zai kasance ba, za ta faɗi abin da na yi har da ranar da na shigo ofishinta. Na gaya wa Inna. Ta ce dama dakta biyun ya yi wa bakinta nauyi, ta ci gaba da ɓare masa ayaba.

Babanmu bai faɗo ba. Mutuwa ya yi a cikin barci. Ga shi na rubuta.

Da Inna ta fita wanke hannu na ɗauki abin sauraron ƙirji da aka rataya a jikin gado. Shekara biyu ina gaishe da zuciyar nan kowace safiya a allo, wani watan ko waya ban yi wa mai ita ba, kuma ban taɓa sa kunne a ƙirjinsa ba. Na ɗora a ƙasan bandeji. Ta fi ta faranti nauyi, ta fi ta kauri. Bugu saba'in da biyu a minti ɗaya. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, ina shirin na uku ya buɗe ido.

“Rabin likita,” ya ce, “ɗauke ƙarfen nan, sanyi gare shi. Ki bar ni in yi barci.”